Hoton Ambaliya Ba Ya Faɗin Sunan Garinsu

Duk shekara idan Agusta ta ƙare, ruwan da ya taso daga wajen madatsun ruwa na Tiga da Challawa ya iso mana, sai ka ga Kirikasamma ta cika da masu ɗaukar hoto. Ana cika buhuna da ƙasa ana ɗaga jinga, wani yaro kuma wayarsa ce a sama. Dattawa kan daka masa tsawa ya ajiye waya ya kama buhu. Ni dai a ganina kowa da aikinsa. A ambaliyar 2022, wadda ta ci rayuka sama da 600 a Najeriya, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki, kuma 'yan uwanmu na Kano da Abuja a waya suka fara ganin yadda shinkafa ta nutse tun kafin wani jami'i ya tako.

Sai dai ɗauka daban, ɗorawa daban. Wanda ke zaune a birni bai san wahalar ba. Bidiyon minti ɗaya da kyamarar Tecno ko Infinix yakan kai megabait 100, wani lokacin ya haura. Kamfanonin layi kuma sun fi ba saukewa ƙarfi a kan ɗorawa, shi ya sa za ka kalli TikTok lafiya lau, amma ka zo tura naka da'irar nan ta yi ta juyawa, ta kusa cika, sabis ya ɗauke, a koma farko. Datar da ta tafi kuwa ta tafi, ga shi tun Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Don haka samarinmu suka san tudun da sabis ke kamawa, suka san dare ya fi rana, kuma kafin komai sai an biya wajen mai caji.

WhatsApp ya fi sauƙi domin yana matse kaya kafin ya tura. Hoton megabait uku ko huɗu sai ya koma ɗan ƙarami, a bakin ingancinsa. Wani ya sauke ya ɗora a Facebook, can ma a sake matsewa, wani kuma ya ɗauki hoton fuskar wayarsa ya tura gaba. Kafin ya zagayo, rubutun allon makaranta ya dushe, ba ka bambance gonar shinkafa da kacalla. Tun Agustan 2023 WhatsApp ya sa madannin HD da ke rage wannan matsi, amma ya fi cin data.

Dushewar ma da sauƙi. Babban abin da ke ɓacewa ido ba ya ganinsa. Duk hoton da waya ta ɗauka, takan rubuta wani bayani a cikinsa: rana, lokaci, irin wayar, har ma da wurin idan an kunna mata sanin wuri. Da ka tura ta WhatsApp ko ka ɗora a Facebook, za su goge wannan bayani daga kwafin da jama'a ke gani. Suna da hujja, don kada baƙo ya bi hoto ya gano ƙofar gidanka. Amma daga nan hoton ya zama maraya, duk wanda ya tsince shi sai ya raɗa masa suna. Ruwa kuwa kamanninsa ɗaya ko'ina. Na ga an turo wani hoto a zauren garinmu an ce bakin Haɗeja ne, alhali bishiyoyin kwakwar manja ne reras a bayansa. Mu nan goruba muka sani, wadda ta cika dajin Baturiya. Haka kuma hoton ambaliyar bara kan dawo bana, mutum yana Legas hankalinsa ya tashi yana ta kiran gida, ruwa ko kusa da gari bai zo ba. Abin yakan wuce tashin hankali: a 2018 BBC ta bankaɗo yadda aka yaɗa hotuna a Facebook lokacin rikicin Filato, har da wani bidiyo da asalinsa daga Kongo-Brazzaville ne, shekaru kafin rikicin.

Asarar tamu ita ce idan na ƙarya ya yi yawa, na gaskiya ma sai a daina yarda da shi, ranar da jinga ta ɓalle da gaske a ce ai tsohon hoto ne.

Abin da manhaja ba ta iya gogewa shi ne muryarka. In ka kunna bidiyo, fara da baki: yau Talata, kaza ga wata, shekara kaza, nan Madachi ce ta yamma da gari. Ka nuna abin da kowane ɗan gari zai shaida, hasumiyar masallaci ko allon firamare ko gada, sannan ka juya kan ruwan a hankali. Ka kwantar da wayar, don kogi a faɗi yake, kuma ka daina karkaɗa hannu. Daƙiƙa 30 ta isa, ta fi saurin hawa, ta fi samun mai kallo har ƙarshe. Idan kacalla ce ta toshe hanyar ruwa a wajen Marma, a sa mutum ko kwalekwale a ciki don a ga tsayinta; irin wannan ne za a iya ajiyewa a gaban Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ba tare da an tsaya musu ba.

Gawa kuwa, da matan da suka fito da zani ɗaya, ba a ɗora su. Iyalansu ma suna da waya.

In ɗan jarida ne ko ma'aikacin hukumar agajin gaggawa ta jiha (SEMA) ya nemi hoton, kada a tura shi yadda aka saba. A danna alamar maƙalawa a WhatsApp a zaɓi tura shi a matsayin fayil, sai ya isa da cikakken ingancinsa, rana da lokaci suna ciki. Zai ci data sosai, kuma idan an kunna sanin wuri, wanda ya karɓa zai iya gane daidai inda aka tsaya aka ɗauka, don haka wanda aka sani kaɗai ake tura wa ta nan.