Tumukun Suri: Ba Ciyawa Ba Ne, Ba Kuma Naman Kaza Na Miya Ba

Kwanan baya wani ɗalibina ya shigo aji riƙe da wani abu mai kama da taɓaryar wasan yara, ya ce a gindin suri ya tsinko shi. Da ya matsa shi sai baƙar ƙura ta tashi. Yara suka ce hayaƙin aljanu ne. Na ce a'a, kakanninmu sun san shi, tumukun suri suke ce masa.

Wannan halitta ba tsiro ba ce. Ba ta da ganye, ba ta da kore, ba ta haɗa abincinta da hasken rana. Ruɓaɓɓen abu take ci. Tun 1969 masana suka ware irinta a rukuni dabam, tare da naman kaza da yis ɗin burodi. Ainihin jikinta zare-zare ne farare da ke ɓoye a ƙasa. Abin da ke ɓullowa bayan ruwan sama ɗanta ne kawai. Ƙurar nan kuwa ita ce irinta, iska ke watsa ta.

A 1771 Linnaeus, masanin ƙasar Suwidin, ya jera ta cikin dunƙulallun nan masu fitar da ƙura. A 1829 Elias Fries ya ba ta sunan da ake kiranta da shi yau, Podaxis pistillaris. Daga baya binciken ƙwayoyin gado ya nuna 'yar gida ɗaya ce da naman kaza mai hula. Bambancinta shi ne ba ta buɗe hular, tana rufe irin a ciki har ya bushe, dabarar da ta dace da ƙasa mai zafi da ƙarancin ruwa.

A Indiya da Pakistan ana cinta tana ɗanya fara. Amma kama da wane ba ta wane ba ce. Akwai naman kaza mai kisa wanda yake fari dunƙulalle kafin ya buɗe. Ƙurar ma ba abin shaƙa ba ce: a 1994 matasa 8 a Amurka sun kamu da ciwon huhu bayan sun shaƙi ta wani dunƙulallen naman kaza mai ƙura.

Saboda haka iyaye, a ja wa yara kunne. Su duba, su tambayi manya, amma kada su kai baki ko hanci. Allah Ya kiyaye mana zuri'a, amin.