Giwayen Yankari da Gonakin Maƙwabta: Fagen Nazari Mai Jiran Ɗalibai

Duk wanda ya san ƙasar Alkaleri ta Jihar Bauci ya san cewa da zarar masara ta yi goyo, dawa ta fid da kai, manoman ƙauyukan da ke kewaye da Gandun Dajin Yankari ba su ƙara samun cikakken barci, domin a wannan lokaci ne giwaye kan fito da dare su faɗa gonaki, kafin asuba su cinye abin da mutum ya yi damina yana wahala a kansa, abin da ba su ci ba kuwa su tattake shi. Ba mugunta ke sa su ba. Dabbar da kan ci kimanin kilo 150 na abinci a yini, idan ta tarar da hatsi ya nuna a bakin daji, ai ba za ta tsaya ɓare itace ba. Gandun nan da aka keɓe tun 1956, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, ba a kewaye yake da katanga ba, giwayensa kuwa suna daga cikin 'yan garkunan da suka saura a Nijeriya.

Wannan rikici na haƙƙin manomi da wanzuwar dabba ya zama fanni mai zaman kansa a jami'o'in duniya, har ana samun digiri na biyu da na uku a kansa. Mashahurin misali shi ne na Lucy King, wadda ta yi nazarin digirinta na uku a Jami'ar Oxford bisa tsoron da giwa ke yi wa ƙudan zuma, ta rataya akwatunan zuma jere a kan waya kewaye da gonaki a Kenya, yadda in giwa ta taɓa wayar sai akwatunan su girgiza, zuma ta tashi. An tarar shingen yana mayar da kimanin kashi 80 cikin 100 na giwayen da suka tunkaro gona, manomi kuma ga ribar zuma a hannu.

Amma fa hikimar da ta yi aiki kusa da Tsavo ta Kenya ba dole ba ne ta yi aiki a Duguri ko Mainamaji da ke maƙwabtaka da Yankari sai an jarraba. Zuma takan yi ƙaura in fari ya tsananta, akwatin katako kuma yana da tsada ga talaka, alhali kuwa mutanenmu sun gaji ɗaura amya a kan itace tun kaka da kakanni. Shin amya za ta iya tsayawa a madadin akwati? Wannan mas'ala kaɗai ta ishi ɗalibin Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa rubuta kundi, ga shi gandun yana kusa da shi.

Tun 2014 ƙungiyar kare namun daji ta WCS take taimakon gwamnatin Bauci wajen tsaron Yankari, ta kuma ɗaura wa wasu giwaye na'urar da ke nuna inda suke ta tauraron ɗan'adam. Saboda haka sanin hanyar giwa ya samu gwargwado. Abin da na ga ya fi ƙaranci shi ne sanin halin mutum: buhu nawa aka yi hasara a kowace gona, wa ke kwana gadi yana buga gwangwani, yaro nawa ya fasa makaranta domin haka, kuma me ke sa manomin da aka yi wa ɓarna ya rufe ido in mafarauci ya wuce. Irin wannan bayani ba ya fitowa ta bakin tafinta, sai ga wanda ya iya gaisuwa, ya zauna a zauren mai gari, aka saba da shi. A nan ɗalibi mai jin Hausa ya ɗara baƙon da ya zo da kayan aiki masu tsada.

Akwai kuma batun diyya, wanda ya dace da masu karatun shari'a. Malaman Malikiyya sun hukunta cewa ɓarnar da dabbobi suka yi wa shuka da dare tana wuyan mai su. To, giwar da hukuma ta haramta kashewa, ta kuma ce amanarta ce, wa zai ɗauki lamunin ɓarnarta, kuma da wace hujja za a ƙiyasta ta da dabbar gida? Lalle wannan bahasi ne da ya cancanci alƙalamin mai ilmi.

Game da hanyar shiga, cibiyar APLORI ta Jami'ar Jos tana ba da digiri na biyu a ilmin kiyaye halittu, cibiyar DICE ta Jami'ar Kent a Ingila ta shahara a fannin, Gidauniyar Rufford kuma takan ba matasan masu bincike ƙananan tallafi na aikin daji. Wanda ya haɗa da Faransanci sai fagensa ya ƙara faɗi, domin giwayen Waza ta Kamaru ma sukan fita su auka wa gonakin dawa, wasu garkunan kuma sukan tsallako iyaka zuwa gabashin Borno.