Gorou Bassounga, dajin da babu goro a cikinsa

Bahaushen da ya fara jin sunan Gorou Bassounga, goro kunnensa ke ji. Na sha ganin haka cikin motar Dosso zuwa Gaya: da an ambaci dajin, sai wani fasinja ya ce ashe goro na yi a Nijar. Wani kuma guru yake ji, irin wanda ƴan tauri ke ɗaurawa a ƙugu, sai ya ɗauka dajin tsafi ne. Duk ba haka ba ne. Babu itacen goro a wannan daji, sunan ma ba Hausa ba ne.

Dajin yana dab da garin Gaya, ta wajen arewa maso yamma, a kan tudun da ke kallon kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara. Faɗinsa ya kusa hekta 10,000. In aka gwada shi da gandun W, wanda ɓangarensa na Nijar kaɗai ya kai hekta 220,000, ɗan ƙaramin abu ne. Amma ga garin da ke dafa tuwo da itace, ba ƙaramin abu ba ne.

Kalmar farko ta Zabarmanci ce da Dandanci, kuma ma'anarta kwari ko kwazazzabo, wato hanyar da ruwan sama ke haƙa wa kansa daga tudu zuwa gangare, ta cika da damina, ta bushe da rani. Ita ce abin da littattafan faransanci na ƙasar nan ke kira kori. Wanda ya zauna Yamai ya san kalmar ko bai lura ba: Gorou Banda, inda tashar wutar lantarki take, ma'anarsa bayan kwari, kamar yadda Haro Banda ke nufin bayan ruwa. Gorou Kirey jan kwari ne, Gorou Béri babban kwari. A kowane ɗaya kalma ta biyu ke raba wannan kwari da wancan, kuma aikin da Bassounga ke yi ke nan a nan. Ba a raɗa sunan domin itatuwa ba. Na hanyar ruwa ne, daga baya takardun gwamnati suka ɗora shi a kan dajin baki ɗaya.

Rubutun nasara ya ƙara dagula abin. Bafaranshe in zai rubuta u, sai ya sa o da u tare, dogon wasali kuwa bai dame shi ba. Mu da muka yi karatu da faransanci mun saba, har ba mu ganin abin mamaki a Tounouga ko Bengou. Amma mai neman takardun wannan daji zai tarar da shi iri uku aƙalla: Gorou Bassounga, Gourou Bassounga, da Goroubassounga a haɗe. Na biyun ne ya haifi zancen guru.

Masu jin goro kuwa ban ga laifinsu ba, don tarihi ya ba su hujja. Kafin mota da kwalta, fataken Gwanja da ke tasowa daga Kano da Sakkwato suna ƙetare kogi a mashigai irin su Illo da Gaya, su ratsa Bargu su gangara Salaga, su komo da goro bisa jakuna. Goro ya daɗe yana bi ta nan. Tsirowa ne bai taɓa yi ba, don itacensa na kurmi ne, ruwan da yake so ya fi abin da Gaya ke samu nesa, ko da yake Gaya ce gaba a ruwan sama a duk Nijar, wajen milimita 800 a shekara.

Wanda ya tsaya ya saurari sunayen wannan yanki, zai ji harsuna huɗu ko biyar a jere. Dendi kalmar Sanwai ce mai nufin gangaren ruwa, inda kogi ya nufa. Nan ne Askiyawa suka ja da baya suka ci gaba da yaƙi bayan da sojojin Maroko suka ci su a Tondibi a 1591. Dallol kwari ne da Fulatanci. Maouri shi ne Mawri, sunan da Zabarmawa ke kiran Arawa da shi. Saboda haka Dallol Maouri suna ne na Hausawan Arewa, a bakin Zabarmawa, da kalmar Fulani, cikin rubutun Faransa. Wannan kwarin har cikin yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 14 ga Yuni 1898 ya shiga, aka ce iyaka ta bi tsakiyarsa, kafin a sake shata ta bayan ƴan shekaru. Foga kuwa ba sai an gaya wa Bahaushe ba, gishirin foga ya kai kasuwannin da masu dafa shi ba su taɓa takawa ba, kuma Heinrich Barth ya ga ana dafa shi da ya ratsa kwarin a 1853. Akwai wani keɓaɓɓen daji mai suna Foga Béri, babbar Foga ke nan, da wani ƙarami a Bana, ƙasar Kyangawa, waɗanda ake ɗauka su ne mazauna yankin na farko.

A 1937 gwamnatin mulkin mallaka ta keɓe Gorou Bassounga, shekara biyu bayan dokar gandun daji ta 4 ga Yuli 1935 da ta shafi dukan ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa. Keɓewa na nufin a shata iyaka, daji ya koma na gwamnati, a hana sharar gona da saran ɗanyen itace, a bar wa mutanen kewaye ƙananan hakkoki irin tsintar busasshen itace da ɗiban ƴaƴan itatuwa da magani. Bayan ƴancin kai Nijar ta riƙe tsarin cikin dokar 1974, sannan dokar 8 ga Yuni 2004 ta maye gurbinta. Talaka bai taɓa son wannan tsari ba, kuma yana da dalili: ba a tambaye shi ba ranar da aka ja layin, abin da ya sani kawai ma'aikacin daji da takardar tara. Amma gaskiya ɗaya ce, da ba a ja layin ba, da wuya a ce yau akwai sauran daji a bakin gari irin Gaya.

Abin da ke ciki ba kurmi ba ne. Mafi yawa geza ce da sabara da tsiriri da taramniya, sai manyan itatuwan da ƙasar Dendi ta fi sauran Nijar da su, irin ɗorawa, ƙirya da kuriya. Giginya, wadda aka san Gaya da ita saboda muruci da azara, ta fi son ƙasan kwari da bakin kogi. Tun shekarun 1990 aka fara danƙa kula da ita ga ƙauyuka da tallafin ƙasar Suwis, kuma a 2004 Dallol Maouri ya shiga jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Dajin tudu bai samu irin wannan gata ba. Geza ba ta da mai yi mata kirari.

A nan sunan ke da amfani fiye da hira. Tudun da dajin ke kai marmara ce da ƙasa marar zurfi. In ruwa ya sauka a kan geza da ganyen da ya zuba, yana tafiya a hankali, wani ya nutse, saura ya gangara kwari ba da ƙarfi ba. In aka share wurin, ruwan guda ya zama ambaliya cikin ƴan mintuna. Yana cin bakin kwarin, kwarin ya yi faɗi ya yi zurfi, ya haifi ƴaƴa, yashin da ya kwasa kuma ya je ya zube a fadamun shinkafa da cikin kogi. Manomin bakin ruwa da bai taɓa sa ƙafa a dajin ba, shi ke biyan kuɗin gatarin wani.

Gatari kuwa yana da dalilansa. Ƙidayar 2012 ta ba gundumar Gaya fiye da mutum 60,000, ga Malanville a ƙetaren gada, ga Kamba ta jihar Kebbi ƴan kilomitoci kaɗan. Kowane gida na son itace, masu gasa nama da masu burodi na son nasu, makiyaya na son wurin da za su tsare dabbobi da damina nesa da gonaki. Tun 1992 doka ta buɗe kasuwannin itace na karkara domin ƙauyawa su ci moriyar dajinsu su kuma tsare shi. Doka ta kuma yarda a ba manomi kwantaragin noma cikin keɓaɓɓen daji, bisa sharaɗin ya dasa itatuwa ya raine su. A takarda dabara ce mai kyau. A ƙasa, gero na nuna cikin wata uku, itace sai ya shekara goma, kuma wanda aka ara wa fili ba ya son inuwar da za ta kore shi daga ciki. In babu mai zagayawa yana ƙirga abin da ya rayu, aron gona gado yake zama.

Sai ga rufe gadar Gaya da Malanville a ƙarshen Yuli 2023. Garin da ke rayuwa da dako da fito da lodin manyan motoci ya ga aikin ya ragu, kuma a ganina ba sai an yi dogon bincike ba kafin a san inda matashin da ya rasa aikin tasha zai nufa da amalanke. Daji ne kaɗai ma'ajin da ba shi da ƙofa.

Mai son gane wa idonsa ya je bayan ruwan farko mai ƙarfi, wajen watan Yuni, ya tsaya inda kwari ya fito daga cikin itatuwa, sannan ya matsa inda wani ya fito daga sharar gona. Na farkon ruwansa na ɗauke da ganye da ƙirare. Na biyun ja wur yake zuwa, kuma bayan ya wuce akan bar yashin da sai an sa shebur kafin amalanke ya bi.