Daga hadarin Maraɗi zuwa guguwar teku

Da damina, hadari yakan taso daga gabas. Sai iska ta kaɗa, gari ya yi duhu, ruwa ya sauka a Maraɗi da Tsibiri da Jiratawa. Bayan haka hadarin ya wuce yamma. Ina yake zuwa?

Wata babbar iska ce take tura shi. Tana ratsa Afirka daga gabas zuwa yamma, kashi-kashi, duk kwana 3 zuwa 5. Takan bi ta Nijar da Mali da Senegal, har ta faɗa tekun Atlantika. Idan ta tarar da ruwan teku da ɗumi, sai ta ƙara ƙarfi, ta riƙa juyawa. Wani lokaci takan zama mahaukaciyar guguwa mai gudun kilomita 119 ko fiye a awa guda. Irin wannan guguwa tana rushe gidaje a Haiti da Kuba da Amurka. Lokacinta yana kamawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba.

Amma akwai makwannin da teku yake yin shiru. Busasshiyar iska mai ƙura takan fito daga Sahara, ta bi saman teku, ta hana girgije haɗuwa. A watan Agusta na 2022, ko guguwa ɗaya mai suna ba ta tashi a Atlantika ba. Sai dai a wannan damina ruwa ya yi ɓarna ƙwarai a jihar Maraɗi. Ashe shirun teku ba ya nufin an tsira a tudu.

Shi ya sa ma'aikatan yanayi ba su barin aiki ko sama ta yi garau. A tashar Maraɗi suna auna zafi da iska da ruwan sama. Kowace safiya ana duba gwangwanin awon ruwa. Milimita 1 daidai yake da lita 1 a fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1. Ana aika lissafin zuwa Yamai. A can akwai cibiyar Agrhymet, wadda aka kafa a 1974, bayan babban fari. Tauraron ɗan Adam kuma yana ɗauko hoton girgije daga sama. Masana na birnin Miyami a Amurka suna duba hotunan nan, suna bin hadarin tun daga bakin Afirka.

Wannan aiki yana da amfani a gida. Manomi yana so ya san ko ƙasa ta jiƙu sosai kafin ya shuka gero. Mai gona a bakin Gulbin Maraɗi yana so ya san ranar da ruwa zai ƙaru. A 1945 gulbin nan ya ci tsohon garin Maraɗi, har mutane suka koma kan tudu. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Daga ina hadari yake tasowa da damina?
2. Me yake hana guguwa tashi a teku?
3. Don me ake duba gwangwanin awon ruwa kullum?