Dabarar Newton da Rikicin Iyakar Gonaki Uku

Da wuya a sami injiniyan da bai taɓa dogara da dabarar nan ta Isaac Newton ba, ko da kuwa bai sani ba, gama tana daga cikin hanyoyin da kwamfuta ke bi wajen warware lissafin da ya gagari alƙalami. Newton ya rubuta ta a Ingila cikin shekarar 1669, sa'an nan Joseph Raphson ya sauƙaƙa ta a 1690.

Dabarar kuwa kintace ce da gyara. Alal misali, ana neman lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 2. Sai a kintaci 1, a raba 2 da ita, a haɗa abin da ya fito da 1 ɗin, a ɗauki rabi: 1.5 ke nan. A maimaita da 1.5 a sami 1.4167, a sake a sami 1.4142. Taki uku kacal an iso bakin amsa. Amma fa -1.4142 ma amsa ce, kuma wanda ya fara da lambar da ke ƙasa da sifiri can zai faɗa. Watau mafarin mutum shi ke zaɓar masa amsa.

To, masana suna da waɗansu lambobi da ba a jere suke bisa layi guda ba, a shimfiɗe suke bisa fili, kowace da gurbinta, kuma masu aikin lantarki ba su rabuwa da su. A wannan fili, in aka tambayi lambar da za a ninka da kanta, a sake ninkawa, ta ba da 1, amsa uku ake samu, a zaune kamar duwatsun murhu.

Cikin 1879 Shaihun Malami Arthur Cayley na Jami'ar Kambirij ya yi tambaya: in an fara daga wani gurbi a filin, wace amsa za a je? Inda amsa biyu ce ya warware: miƙaƙƙen layi ne ya raba filin, kowa ya nufi wadda ta fi kusa da shi. Da ya zo kan uku sai abu ya cije, har ya rasu a 1895 bai ga bayansa ba.

Mai karatu zai zaci a raba filin uku ne, yadda ake raba gona tsakanin magada. Ashe ba haka ba ne. Faransawa biyu, Pierre Fatou da Gaston Julia, sun hango dalilin wajen 1918 da alƙalami kaɗai, amma ba a ga abin da ido ba sai ƙarshen shekarun 1970, lokacin da John Hubbard, Ba'amurke mai koyarwa kusa da Faris, ya sa kwamfuta ta gwada gurabe dubbai, ta shafa wa kowane launin amsar da ya je.

Tsakiyar kowace gona lafiya lau. Bakin iyaka ne abin mamaki, ya fito a tufke kamar kitso, kuma kome aka faɗaɗa hoton sai a ga wani kitson cikin kitso, ba ƙarshe. Duk ɗigon da ke kan iyakar yana taɓa gonakin nan uku gaba ɗaya. Babu inda maƙwabta biyu suka haɗu ba tare da na ukun ya sa ƙafa ba. Saboda haka a nan kuskuren da bai kai ƙwayar gero ba ya isa ya kai mai lissafi wata amsa dabam.

Akwai ma abin da ya fi wannan muni. Ɗauki z³ - 2z + 2 = 0. In an fara da 0 dabarar ta ba da 1, in an sa 1 ta koma 0, haka za a yi ta safa da marwa, kuma duk guraben da ke kusa da 0 cikin wannan tarko suke faɗawa. Shin ko akwai wata dabara irin wannan, ta maimaita ƙa'ida guda, da kusan kullum za ta kai ga amsa? Curtis McMullen ya tabbatar a 1987 cewa akwai in amsoshi uku ne, amma daga huɗu zuwa sama babu.

A ganinmu wannan bai zubar da darajar dabarar ba, ya dai nuna inda ya kamata a tsaya kafin a fara. Cikin 2001 Hubbard da Dierk Schleicher da Scott Sutherland suka nuna cewa in an fara daga waje, bisa da'irori da suka kewaye dukan amsoshin, aka jera mafarai a ƙayyadaddun wurare, to, kowace amsa sai an sami aƙalla mafari ɗaya da ya kai gare ta.