Waƙar Da Aka Sayar Sule Goma

A shekarar 1939 wani Bazulu mai suna Solomon Linda ya shiga ɗakin ɗaukar murya na kamfanin Gallo a birnin Johannesburg, shi da abokan waƙarsa, suka rera wata waƙa da ya ƙaga, sunanta Mbube, watau zaki da harshen Zulu. Aka zuba ta a faifan garmaho, aka ba shi sule goma, ya sallama ta ga kamfanin. Faifan ya yi kasuwa ƙwarai a Afirka ta Kudu, amma shi mai waƙar ya ci gaba da aikinsa na ɗaure fayafai a ma'ajin kamfanin.

Waƙa kuwa ba ta neman fasfo. Faifan ya ƙetare teku ya faɗa hannun wani mawaƙin Amurka, Pete Seeger, shi da ƙungiyarsa suka sake rera ta. A 1961 wani marubucin waƙoƙi, George David Weiss, ya ɗora mata baitocin Turanci, wasu samari suka rera, har ta zama ta ɗaya a kasuwar fayafan Amurka. Linda ya rasu a 1962 cikin talauci. A 1994 kamfanin Disney ya sa waƙar cikin silimansa The Lion King, duniya duka ta ji ta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To, ina kuɗin ya bi? Ga yadda al'amarin ya ke. Kowace waƙar da aka ɗauka tana da haƙƙi iri biyu. Na farko haƙƙin baitoci da karin waƙar, wannan na wanda ya tsara su ne. Na biyu haƙƙin muryar da aka ɗauka, wanda galibi ya kan zama na kamfanin da ya biya kuɗin ɗaukar. Mai shirya silima ko wasan talabijin, in yana son ya haɗa waƙa da hotonsa, sai ya nemi izni a rubuce, ya biya. In faifan asali zai sa, lalle ya sami iznin duka biyun. Bayan wannan kuma, in an nuna wasan a talabijin akwai wani ladan da ƙungiyoyin tara wa mawaƙa haƙƙinsu su kan karɓa su raba. Wanda sunansa ke kan takarda shi a ke biya. Sunan Linda kuwa ba ya nan.

Gaskiya ta yi jinkiri, amma ta iso. A 2000 wani ɗan jarida, Rian Malan, ya tono labarin ya buga. A 2004 magadan Linda suka kai ƙara, suka dogara da wata aya ta dokar Ingila ta 1911, wadda ta ce in mawallafi ya sayar da haƙƙinsa, bayan rasuwarsa da shekara 25 haƙƙin ya kan komo ga magadansa. A 2006 aka yi sulhu, aka biya su, aka kuma yarda da Linda cikin waɗanda suka tsara waƙar. Wannan doka ita ce ta yi aiki a Nijeriya har 1970.

Mun kawo wannan labari ne domin muna ganin samarinmu, waɗansu ma ɗalibanmu ne a kwalejin horon malamai, suna tsara baitoci don finafinan Hausa, a ba su abin goro su tafi suna murna. Dokar da Nijeriya ta kafa a 2023 ta tsare haƙƙin marubucin waƙa tsawon ransa da shekara 70 bayansa, ta kuma ce sayar da haƙƙi ba ya tabbata sai a rubuce. Saboda haka ya kamata yaro ya san bambancin sayarwa da haya. Wanda ya sayar da gona ya rabu da ita, wanda ya ba da haya kuwa gonarsa tana nan. Kafin ya sa hannu, sai ya duba ko an ambaci wane silima ne, da shekara nawa, da waɗanne ƙasashe, da nawa za a biya, da kuma ko za a rubuta sunansa. Ya ajiye kwafin takardar, da rubutunsa na farko mai kwanan wata.

Malamai da akawuna, ku ne a ke kawo wa takarda a gari don ku karanta. In mawaƙi ya zo muku da tasa, ku zaunar da shi, ku karanta masa ita sannu sannu, ku fassara masa kowane sharaɗi, kada ku bar shi ya dangwala yatsa a kan abin da bai fahimta ba. Allah ya sa mu riƙe amana, amin.