Wa ke da ikon ganin takardun masu aiki da kuɗin gwamnati?

A Najeriya ba ma'aikatun gwamnati kaɗai doka ta wajabta wa buɗe takardunsu ga jama'a ba. Kamfanoni masu zaman kansu da ke aiki da dukiyar jama'a su ma nauyin ya hau kansu.

Wannan tanadi na cikin dokar 'yancin samun bayanai, wadda shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu a watan Mayun 2011, bayan fiye da shekaru goma ana fafutukar ganin an kafa ta. Majalisar dokokin ƙasar ta taɓa amincewa da ƙudurin a 2007, amma shugaba Olusegun Obasanjo ya sauka daga mulki ba tare da ya rattaba masa hannu ba.

Abin da dokar ta tanada

Dokar ta shafi kamfanonin da gwamnati ke da rinjayen hannun jari a cikinsu, da masu zaman kansu da ke amfani da kuɗin jama'a ko suke gudanar da ayyukan da suka rataya a wuyan hukuma. Hujjar ita ce, kuɗin haraji ba ya tashi daga zama na jama'a don kawai ya shiga asusun ɗan kwangila.

Mai neman bayani ba sai ya faɗi dalilinsa ba, kuma wajibi ne a ba shi amsa cikin kwanaki 7, ko da yake ana iya ƙara wasu 7 idan takardun na da yawa. Wanda aka hana yana da kwanaki 30 ya garzaya kotu. Hana bayani ba bisa ƙa'ida ba na iya janyo tarar naira 500,000, yayin da lalata takardu da gangan ke da hukuncin ɗaurin aƙalla shekara 1.

Sai dai ba kowace takarda ake bayarwa ba. An keɓe bayanan tsaron ƙasa, da na rayuwar mutum, da sirrin kasuwanci. Duk da haka, dokar ta ce a bayyana su idan amfanin jama'a ya rinjayi illar yin hakan.

Shekaru da dama wasu jihohi na cewa dokar ta tarayya ce, ba ta hau kansu ba. A watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta raba gardama a wata shari'a da ta shafi hukumar yaƙi da cutar AIDS ta jihar Edo, inda ta ce dokar na aiki a kan jihohi ma.

Yadda abin yake a wasu ƙasashe

A Indiya, dokar 2005 ta haɗa da ƙungiyoyi masu zaman kansu da ke samun tallafi mai tsoka daga gwamnati, kuma Kotun Ƙolin ƙasar ta jaddada haka a 2019.

A Amurka kuwa, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 1980 cewa bayanan binciken da ke hannun masu karɓar tallafin gwamnatin tarayya ba su zama takardun hukuma ba don kawai an ba su kuɗi. Sai a ƙarshen shekarun 1990 majalisar dokokin ƙasar ta buɗe ƙofar samun wani ɓangare na irin waɗannan bayanai.